Yadda ake shigar da tsohon da ke ƙauye cikin inshorar lafiya ta gwamnati, da yadda ake kai shi asibiti

Daren da fitsari ya riƙe wa mahaifinmu cikin damina ne, rafin da ke tsakanin garinmu da titi ya kawo. A amalanken shanu muka ɗora shi, yana nishi yana riƙe da hannun ƙanena, har muka fita bakin kwalta, inda muka zauna jiran mota har gari ya waye. Kafin a sallame shi akuya biyu da buhun gero sun tafi. Bayan ya warware ne malamin asibitin mazaɓarmu ya ce mini, "Ai bara masu rajistar inshora sun zo, kwana biyu suka yi a nan. Ban ga kowa daga gidanku ba." Ba mu da labari. Mu 'ya'yan muna birni, tsoho kuma ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na koya tun daga ranar, kuma duka ya rataya ne a kan abu guda: katin inshorar nan ana neman sa ne tun tsoho yana tafiya da ƙafarsa.

Da farko ka san abin da kake nema

A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikata ke kira BHCPF. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Yadda dokar ta raba shi, rabi na biyan kuɗin jinyar mutane ne ta hanyar inshora, kashi 45 na magani da kayan aiki da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kashi 5 kuma na taimakon gaggawa. Sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, zuwa NHIA, ta kuma lissafa masu rauni waɗanda gwamnati za ta ɗauki nauyinsu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, masu buƙata ta musamman, marasa galihu, da tsofaffi.

Kuɗin daga Abuja yake fitowa, amma rajistar a hannun jiha take. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ce, KSCHMA. A Jigawa JICHMA, a Kaduna KADCHMA, a Katsina KTSCHMA, a Sakkwato SOCHEMA, a Gombe kuma GoHealth. Kowace jiha da nata tsarin, har shekarun da ake ƙirga mutum a matsayin tsoho ba ɗaya ba ne ko'ina. Akwai kuma maganar da gara ka ji ta tun yanzu: guraben kyauta ƙayyadaddu ne. Kowace mazaɓa adadi ake ba ta, kuma mabuƙata sun fi adadin yawa nesa ba kusa ba. Wanda yake kusa da labari shi ke samu.

Mataki na farko: a ɗora wa mutum ɗaya

Kafin takarda ko hoto, ku zauna ku 'yan'uwa ku fitar da mutum ɗaya da wannan aiki zai zama nasa. An ce jifan tsakiyar kasuwa, a kan mai tsautsayi yake faɗawa, haka lamarin tsoho yake idan an bar wa kowa. Zai fi kyau ya kasance wanda ke zaune a garin, ko da jika ne, muddin yana da waya kuma yana iya karatu. Na birni su riƙa turo kuɗin mota da na kati. A gidanmu ɗan yayarmu ne, ɗalibin sakandare, kuma ya fi mu duka riƙe ranakun asibiti.

Mataki na biyu: takardu, inda aka fi shan wahala

Lambar NIN ce kan gaba. Idan tsoho ya taɓa yi amma takardar ta ɓata, a danna *346# a layin da aka yi rajistar da shi, lambar za ta fito bayan an cire ɗan kuɗi kaɗan. Idan bai taɓa yi ba, sai ofishin hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Rajistar farko kyauta ce a ƙa'ida. Ku je da sassafe, ku tafi da tabarma da ruwa, ka kuma roƙi ma'aikata su duba shekarunsa su shigar da shi gaba. Yawanci ba sa ƙi idan an yi magana da ladabi.

Abu uku ke kawo cikas a nan, kuma duka na gan su da idona.

Na ɗaya suna. Tsohuwa ta shekara saba'in ana kiran ta Iya ko Ta-Annabi ko Delu, har jikokinta ba su san sunanta na yanka ba. A katin zaɓe an rubuta laƙabi, a NIN sunan yanka, a katin asibiti kuma sunan mijinta. Na'ura ba ta san alkunya ba, idan sunaye suka saɓa sai ta ce mutum biyu ne. Ku tsayar da abin da ke kan NIN, harafi da harafi, ku rubuta shi a takarda, duk inda za a cika fom a kwafa daga nan.

Na biyu shekaru. Yawancin iyayenmu ba su da takardar haihuwa, sai a yi takardar rantsuwar shekaru a kotu. Kada ka yi ƙiyasi da ka, ka tambaye su da abubuwan da suka faru. Ina kike lokacin da aka kashe Sardauna? Wannan Janairun 1966 ne. An yi miki aure kafin a canza fam da sule zuwa naira? Wannan 1973 ne. Kana noma da kanka lokacin da motoci suka koma bin hannun dama? 1972 ke nan. Mahaifiyarmu ta ce tana goyon fari aka yi canjin kuɗi, daga nan muka gane shekarunta kusan daidai. Kuma kada a ƙara wa tsoho shekaru don ya samu gurbi. Banda rashin kyawun ƙarya, likita da shekarun yake auna magani.

Na uku yatsu. Hannun da ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya ko taɓarya zanensa ya shafe, na'urar ɗaukar yatsa sai ta yi ta ƙi. Idan tsohuwa ce a hana ta ƙunshi makonni kafin ranar, a wanke hannu a ɗan shafa mai kada ya bushe ƙarau. In ya ƙi duk da haka, kada ku juya gida, ka nemi shugaban wurin ya faɗa maka yadda suke yi da irin wannan.

A haɗa da hoton fasfo guda huɗu, da lambar wayar da ba za a yar ba.

Mataki na uku: nemo ƙofar shiga

Ƙofar ita ce asibitin matakin farko na mazaɓarku. Tsarin gwamnati shi ne kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya da ke karɓar kuɗin asusun nan, don haka ba kowane sha-ka-tafi ne ke ciki ba. Mai yiwuwa wanda ke bayan gidanku ba ya ciki, sai na garin dagaci. Ka je da kanka, ba ranar kasuwa ba, ka gaida shugaban asibitin ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, asibitin nan yana cikin shirin BHCPF? Yaushe aka yi rajista ta ƙarshe, yaushe kuma ake sa ran wata? Daga shekara nawa kuke ɗaukar tsofaffi?" Ka karɓi lambarsa, ka bar masa taka.

Daga nan sai kwamitin ci gaban mazaɓa. Kowane irin wannan asibiti yana da kwamitin mutanen gari da ke sa ido a kansa, kuma su da masu unguwanni ake tambaya idan ana tantance mabuƙata. Ka je wurin mai unguwa: "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar Baba. In masu rajistar lafiya sun zo, a taimaka a tuna da shi." Wasu jihohin kuma daga rajistar marasa galihu ta ƙasa suke ɗebo sunaye, don haka ka bincika a sakatariya ko sunan gidanku yana ciki.

Ba a biyan ko kwabo don shiga wannan gurbi. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai saka sunan tsohonka, ka bar shi da kayansa, ka faɗa wa kwamiti.

Idan gurbin kyauta bai samu ba

Kada a zauna jiran shekara mai zuwa. Hukumomin jihohi suna da tsarin da mutum ke biya wa kansa ko wani nasa kuɗin shekara guda, NHIA ma tana da irinsa mai suna GIFSHIP, na ɗaiɗaiku da iyali da ƙungiya. Kuɗin yana canzawa, don haka a ofishinsu za ka ji na bana. Abin da na sani shi ne, idan 'ya'ya huɗu ko biyar suka raba shi, bai kai abin da kwana biyu a gadon asibiti ke ci ba.

Ma'aikatan gwamnati su lura da wani abu da ke ruɗa mutane da yawa. Inshorar ma'aikaci ta tarayya ta ƙunshi shi da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, sai dai a ƙara su da biyan kuɗi na daban. Haka wanda ya yi ritaya, kada ya ɗauka katinsa na lokacin aiki yana nan da rai, ya je ya tambaya tun kafin ya buƙace shi.

Wajen zaɓen asibitin da za a rubuta a katin, kada son birni ya ja ka. Ka zaɓi wanda tsoho zai iya isa a kan babur ko a adaidaita sahu cikin damina. Katin da aka ɗaura wa asibitin da ke nesa da tafiyar awa uku, sunansa kati kawai.

Mataki na huɗu: bayan an ɗauki hoto

Ɗaukar hoto da yatsa ba shi ne ƙarshe ba. Sai sunan ya fito a jerin da hukuma ke aika wa asibiti, kuma hakan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Mai kula da tsoho ya riƙa leƙawa yana tambaya. Ranar da suna ya fito, a ɗauki hoton katin da waya a tura wa duk 'yan'uwa, a yi kwafi biyu, asalin kuma a sa shi a leda. Kada a bar shi a ƙasan adakar tsohuwa da makulli a wuyanta, domin ranar da za a neme shi ita ce ranar da ba za ta iya faɗar inda yake ba.

Sannan a kai shi asibitin lafiyarsa ƙalau, a buɗe masa fayil, a auna jini da suga da nauyi. Tsofaffi kan ƙi wannan. Mahaifinmu cewa ya yi, "Lafiyata lau, me zan je nema?" Na ce, "Baba, gaisawa kawai za ku yi da malamin, ya san fuskarku." Da haka ya yarda, kuma a ranar aka gano jininsa ya hau sosai alhali ko ciwon kai ba ya ji. Hawan jini haka yake, ba ya sallama. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, idan an maimaita an sake samun haka, magana ce ta shan magani.

Ka san kuma yadda ake biyan asibitin, domin zai cire maka jin nauyi. A wannan tsari hukuma tana ba asibitin matakin farko kuɗi a kan kowane mutum da ke jerinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Ke nan tsohonka ba alfarma yake roƙo ba idan ya je, an riga an biya dominsa.

Mataki na biyar: takardar turawa

Nan ne mutane suka fi yin asara. Inshora hawa-hawa take: daga asibitin mazaɓa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, daga nan zuwa na ƙwararru ko na koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan ka tsallake matakin farko ka ɗauki tsoho kai tsaye zuwa birni, za a duba shi, amma da kuɗin aljihunka, kati yana hannunka. Don haka idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, ka tabbata an rubuta takardar turawa, da sa hannu da hatimi, an kuma nemo lambar amincewa daga hukumar inshora inda ake buƙatarta. Ka tambayi sunan asibitin da aka tura ku, domin ba kowanne ke karɓar katin ba, da ranar da likitan wannan ciwo ke zama. Asibitocin ƙwararru rana-rana suke ware wa kowane sashe, kuma abin takaici ne ka taso da tsoho tun asuba a ce maka sai mako mai zuwa.

Da kun isa, kafin layin yankar kati, ka nemi teburin inshora. Ka tambaye su ƙarara abin da kati ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba. Zazzaɓi, hawan jini, suga, gwaje-gwaje na yau da kullum, waɗannan su ne ginshiƙin shirin. Manyan abubuwa irin wankin ƙoda da maganin daji, kada ka sa rai gurbin kyauta zai ɗauke su gaba ɗaya. Idan lissafi ya fi ƙarfinku, manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin marasa ƙarfi, wasu jihohin kuma hukumar zakka da waƙafi tana taimakawa.

Ciwon ido ya cancanci a tsaya a kansa. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a hannun likita, mutum ya koma yana gani. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna soke ido da sunan cire yana sun makantar da mutane da dama. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, kuma lokaci-lokaci ana zuwa aikin ido kyauta a manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Malamin asibitinku zai ji labari kafin kai.

Idan abin gaggawa ne

A nan ba a jiran takarda. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma akwai tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Wannan ba yana nufin jinyar duka kyauta ba ce, yana nufin a ceci rai tukuna. Bayan an karɓe shi, a ranar ko washegari, a sanar da teburin inshora da asibitin mazaɓa don a daidaita takardu.

Kowa a gidan ya san alamomin da ba a kwana da su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai danne mutum, numfashi sama-sama, riƙewar fitsari, gudawa da amai da suka hana shan ruwa, faɗuwar da tsoho ya kasa taka ƙafa. Idan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu domin zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe a tafi. Addu'a a yi ta a cikin mota. Mai ciwon suga da ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, in yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take sannan a kama hanya.

Motar kuwa tun yau ake shirya ta. Lambar direbobi biyu na garin da suka yarda a tashe su da dare, a rubuce a bangon ɗaki. Kuɗin mai a ajiye a wurin mutum ɗaya, ba a taɓa shi don biki ko suna. Idan garinku irin namu ne da rafi ke yankewa, tsoho mai ciwo ya koma gidan ɗa ko 'ya da ke bakin titi daga Yuli zuwa Satumba. Jaka guda kuma ta zauna a rataye: kwafin kati, takardun asibiti, zane biyu, bargo, buta, tocila, kofi da cokali.

Magani na kullum

Maganin hawan jini da na suga ba a daina su don an ji sauƙi. Sau da yawa tsoho zai ce ya warke, ya ajiye, bayan wata biyu a kwashe shi. A samu ɗan littafi, a rubuta sunan kowane magani, amlodipine ne ko metformin, da yadda ake sha, da awon kowace ziyara. A koma karɓar wani saura mako guda ya ƙare. Duk zuwa asibiti a tafi da duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da ƙullin ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗa masa a kemis. Irin su diclofenac da ibuprofen, idan tsoho ya daɗe yana sha don ciwon gwiwa, suna ɓata ƙoda suna kuma tayar da gyambon ciki. Kafin azumi a kai mai ciwon suga ya ga likita a gyara masa lokutan shan magani, in kuma an ce ba zai iya ba, a kawo malamin da yake jin maganarsa ya yi masa bayanin ciyarwa.

Za a sha ce muku babu magani, ku saya a waje. Yana faruwa, kuma yana da ciwo ga wanda ya san an biya. Kada a yi faɗa da ma'aikaci, sau da yawa shi ma ba a kawo masa ba ne. A rubuta rana da sunan maganin, a ajiye rasit. In ya maimaitu, a kai wa shugaban kwamitin mazaɓa, daga nan jami'in hukumar inshora na ƙaramar hukuma, daga nan ofishinsu na jiha ko na NHIA da ke babban birnin jihar. Idan gidaje biyar ko shida suka haɗa rasit ɗinsu suka tafi tare, an fi saurarensu.

Katin biya yana ƙarewa bayan shekara, na kyauta ma akan sake tantancewa. Ka rubuta watan sabuntawa a bangon littafin maganin, ka sa ƙararrawa a wayarka saura wata guda, domin idan katin ya mutu aka sake sabo, sai an sake jiran fitowar suna. Namu a watan Sha'aban yake faɗowa, don haka muke haɗa shi da awon kafin azumi, tafiya ɗaya a kan babur ɗin ɗan yayarmu, Baba a tsakiya ni a baya.